Uwar amarya daga Tahoua: "In ci bashi in cika ɗakin ƴata?"

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ce a Tahoua. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 47, ƴaƴana shida. Ta biyu za mu aurar bayan babbar salla in Allah ya kai mu, kuma ita ce mace ta farko da zan kai ɗaki. Angon malamin makaranta ne a Yamai, yana haya, ciki da falo, a gidan da ake zaune da yawa. Na tara jaka 900, wato sefa dubu 900, daga adashe da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ƙanwar maigidana, gwaggon yarinyar, ta kawo mini lissafin abin da ta ce ake yi yanzu: gado da armuwar da madubi, kujerun salon, firigo, tele, da kabad cike da kuloli da tangaran. Ya tashi miliyan 2 da rabi. Ta ce in muka kai ƙasa da haka za a yi wa yarinya gori har tsufanta. Wani ɗan kasuwa ya yarda ya ba ni kayan in riƙa biya sannu a hankali. Maigida saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ya ce shi zai ɗauki ɗaurin aure da abincin biki, kayan ɗaki kuma in yi daidai ƙarfina. Babban ɗana yana Abidjan wajen nema, ina tunanin in matsa masa. Bayan amaryar akwai huɗu, biyu mata. Ga uwar mijina a wurinmu tana kwance. Barci ya ƙaurace mini. In ci bashin, ko in haɗiye kunyar?"

Wa alaikumus salam, uwar amarya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Kada ki ci bashin nan. Amma ba zan ce miki maganar gwaggo shirme ce ba, domin ni da ke mun san ranar jere, mun san irin idon da matan dangin ango ke shiga ɗaki da shi. Abin da lissafinta bai duba ba shi ne gida ba ya tsayawa wuri ɗaya. Buƙatar gidan mutum biyu daban take da ta gidan mai goyo, ta mai goyo daban da ta mai ƴan makaranta, naki gidan na yau kuma, mai aurarwa ga jinyar tsohuwa, shi ma da tasa. Takardar da aka kawo miki kayan gidan da ya shekara 15 ne, ana so a cusa su cikin ɗakin haya a yini ɗaya.

Mu fara da giɓin. Tsakanin jaka 900 da miliyan 2 da rabi akwai miliyan 1 da jaka 600. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jaka 42 ne a wata, ke nan abin da kike shirin ɗauka ya haura albashin shekara 3 na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Wannan ma kafin ɗan kasuwa ya ɗora nasa, don ba mai ba da kaya bashi a farashin kuɗi hannu. Ki tambaye shi farashi biyu, na hannu da na bashi, ki ga tazarar da idonki. Wa zai biya? Ƙuli-ƙuli. Ribar da yau take sayen sabulu da cefane da maganin tsohuwa ita za ta koma aljihun mai kanti, a daidai shekarar da albashin maigida zai koma fansho. Fansho bai kai albashi ba, takardunsa kuma sukan ɗauki watanni kafin kuɗin farko ya fito. Za a ce miki bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma akwai wanda ake ci don ya kawo wani abu, akwai wanda ake ci don ƴan kallo na rana ɗaya.

Kafin ki sayi ko cokali, a auna ɗakin. Ba ke za ki kira suruki ba, na sani. Ki sa ƙanwarki ko wata yayar yarinyar ta nemi ƴar'uwar angon, a ɗauki ma'aunin tela a auna tsawo da faɗi da faɗin ƙofa, a turo hoto ta WhatsApp. Duk wanda ya zauna gidajen haya na unguwar Boukoki ko Talladjé a Yamai ya san abin da nake gudu. Mota ta iso da armuwar mai ƙofa huɗu, ta ƙi shiga. A bazama neman kafinta, ya zo ya warware ta a tsakar gida, yaran maƙwabta sun yi da'ira suna kallo, kusoshi a cikin murfin kwano, a shigar da ita gunduwa-gunduwa a sake ɗaurawa har magariba. In an gama, gado ya cinye rabin ɗaki, armuwar ta toshe taga, amarya sai ta bi gefe-gefe kafin ta sami inda za ta shimfiɗa sallaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, tagar nan ta fi armuwar amfani nesa ba kusa ba.

Ɗan haya kuma ba shi da tabbas. Mai gida ya ƙara kuɗi, ko a yi wa malam canjin wurin aiki zuwa Dosso ko Tillabéri, sai a sake warwarewa. Yawancin kayan nan masu sheƙi da ake shigowa da su ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da abu mai ƙyalli. A tashi na biyu ramin kusa ya buɗe, a na uku ƙofa ta karkace ta daina rufuwa. Ruwa kuwa in ya taɓa ƙafarsu sai su kumbura su ruguje. Mutanen unguwannin Lamordé da Saga a Yamai da kogi ya shiga ɗakunansu a ambaliyar 2020 sun ga bambancin: gadon ƙarfe wankewa aka yi aka shanya, wancan kuwa sai juji. Bikinku ma a bakin damina zai faɗo.

To, me mutum biyu suke buƙata? Katifa mai kyau, wadda ba za ta lotsa cikin wata shida ba. Nan kada ki yi ƙwauro, don kowane dare za a yi amfani da ita, in yara sun zo kuma ita za ta koma ɗakinsu. Gado na ƙarfe ko na katakon gaske da kafinta ya haɗa, wanda za a kwance a ɗaura bai lalace ba. Gidan sauro. Tukwane uku ko huɗu masu kauri, ba saitin nan na goma sha biyu da ake jerawa daga babba zuwa ƙarami, wanda gindinsa ke kamawa a tuwon farko ba. Turmi da taɓarya, rariya, muciya, ludayi, wuƙa mai ci. Bokitai da baho da babbar robar ajiye ruwa mai murfi, domin famfon gidan haya yakan ɗauke, ruwan ƴan garuwa kuma sai da mazubi. Fanka mai caji, fitila mai caji. Kula biyu ko uku na abincin miji da na baƙo. Randa, in akwai inuwar da za a kafa ta.

Tukunyar gas kuwa ina sa ta gaba da kujeru. Tun da matatar mai ta Zinder ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, farashin da hukuma ta daɗe da tsayarwa kuma shi ne sefa 1,800 na cika ƙaramar tukunya mai kilo 6, da 3,750 na mai kilo 12 da rabi. Sayen tukunyar kanta a karon farko shi ne mai nauyi, shi ya sa ya dace ya fito daga hannun uwa. Mutum biyu ƙaramar ta ishe su. A haɗa mata da murhun gawayi saboda ranakun da gas ke ɓuya a gari.

Firigo fa? Ban ce kada ta mallake shi ba, na ce ba yanzu ba. Gidan da ake zaune da yawa galibi mita ɗaya ce ake raba kuɗinta, kuma ba abin da ke haɗa amarya da maƙwabta da wuri kamar ta shigo da firigo. Ranar da takardar wuta ta zo, kowa ƙofarta zai kalla. Sannan mutum biyu me za su ajiye? Ragowar miya da gorar ruwa. Ga wutar kanta. Kin tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ko a shekarun da ba rikici, watannin zafi ba sa wucewa ba ɗauke-ɗauke. In wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona firigon bashi, ɗan kasuwa ba zai rage miki ko dala ba. Lokacin firigo yana nan zuwa, ranar da suka sami mitarsu su kaɗai, yara sun fara yawa, ita kuma tana neman abin yi. A sannan jari ne: ƙanƙara, zoɓo, lemun tsamiya, fura mai sanyi, musamman da azumi. Mata da yawa a Yamai da shi suke rufa wa kansu asiri. Sai dai mai yin wannan aikin babba ne mai daskarar da ruwa, ba ɗan tsayayyen nan da ake sawa a kusurwar falo a ɗora masa fure ba. In kin saya yanzu, wanda bai dace ba za ki saya.

Zaman mutum biyu shi ne mafi gajarta a rayuwar gidajenmu. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai 7.6, na 2021 kuma 6.2. A birni bai kai haka ba, amma kin fi ni sanin cewa shekara ɗaya ko biyu ake yi a ji labarin ciki, in Allah ya nufa. Haihuwar fari kuma ina ake zuwa? Gida. Wato wurinki, Tahoua. Ke za ki sayi itacen dafa ruwan wankan jego safe da yamma har kwana 40. Ke za ki nemo babbar tukunya ko rabin duro, ke za ki dama kunun kanwa, ki nemi nama da yaji, ki haɗa kayan jariri da na mai jego, ga hidimar suna, ga garar komawa ɗaki. Ko layi ɗaya na wannan babu a takardar gwaggo, alhali ita ce hidimar da ba ta ɗaguwa. Kujera ana iya cewa sai baɗi. Naƙuda ba a ce mata haka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ranar da ta koma ɗakinta da goyo, sayayyarta za ta juya gaba ɗaya zuwa abin da ke ƙarewa: sabulu, garin wanki, man shafawa, ƙunzugu, da ruwa fiye da yadda take zato. Baho biyu ba sa isa, igiyar shanya ba ta hutawa. In yaro ya fara rarrafe, tangaran ɗin da aka jera ƙasa-ƙasa sai a kwashe a kulle, kujerun yadi masu haske kuwa fitsari da koko za su yi musu abin da za su yi. Nan da shekara biyar tukwanen amarci sun yi kaɗan, ana neman mai cin tiya biyu, ana sayen shinkafa da masara da buhu, ana neman katifun ƙasa, don gidan da ƴar Adar, wato yankinku na Tahoua, take a Yamai masauki ne: ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni, mara lafiyar da aka turo babban asibiti, mai jiran motar Lome ko Abidjan. A sannan ne falo yake son kujeru, kuma a sannan mijin ne zai saya, ya zaɓi masu jure yara.

Bari in kare iyayenmu, kada ki ɗauka tara kaya a ɗakin amarya wauta ce tun asali. Kakanninmu ƙorai suke jerawa, manya da ƙanana, an yi musu zane. Iyayenmu suka koma tasoshi da langa da samira, a jera har kusa da rufin ɗaki, mafi yawansu ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Jeren nan ado ne, amma kuma asusun mace ne. Kayan ɗaki mallakarta ne, miji ba shi da iko a kansu. In aure ya mutu da su take fita. In yunwa ta zo, irin ta 1984, ko ciwo ya kwantar da wani, sai ta zare kwano biyu ta ba dillaliya a ɓoye, gida ya kwana da abinci ba wanda ya ji. In ƴarta ta tashi aure, daga nan ake ɗiba. Kwanon ƙarfe yana shekara 20 a kabad, a fito da shi a goge, a sayar da daraja. Abin da ya canza shi ne kayan yanzu ba sa riƙe kuɗi. Kujerun salon da aka saya yau, a kai su kasuwar Katako ta Yamai bayan shekara biyu, abin da za a taya zai sa ki hawaye. Tele da firigo sabon samfuri na fitowa tsohon ya faɗi. Mun riƙe jeren, mun manta abin da ya sa ake yin sa.

Saboda haka in kina son ki yi wa ƴarki abin da uwarki ta yi miki, ki ba ta abin da zai riƙe kuɗi ko ya haifar da shi. Tunkiya biyu ko akuya, a bar su nan a hannunki ko a ƙauye wurin wanda kika amince da shi, da sunanta, kowa ya san nata ne. Bayan layya farashin dabbobi yakan sauka, a Tahoua ko a kasuwar Badaguichiri, kin ga lokacin ya yi miki daidai. Biyu na ce, ba biyar ba, don dusa da harawa suna tsada da rani. Ko ɗan kunnen zinari, ko da ƙarami, tare da takardar sayensa. Ko keken ɗinki, in ta iya ko tana da niyyar koyo. In babu sha'awa a bar shi, kekuna nawa ne suka zama wurin ɗora wanki a ɗakunan mata. Ko kuwa sana'arki ita kanta. Ta taso tana ganin kina matsar mai, kwanon suya da buhun gyaɗa ɗaya na iya zama mafarinta, ƴan Yamai kuma ba sa ƙin ƙuli-ƙuli mai kyau.

Da ni ce ke, jaka 900 ɗin nan gida uku zan raba su. Kamar 500 a kayan da za a shiga ɗaki da su, kamar 200 a dabba ko zinari ko jari, sauran 200 kuma ba za su ga rana ba sai an ce ta sauka lafiya. Gudunmawar da za ta shigo ranar biki, wadda kika daɗe kina kai wa mata a nasu bukukuwan, ta ɗauki ƙananan abubuwan da za su taso, amma kada ki kashe ta a lissafi kafin ta shigo hannu. In wani abu ya tsaya na jaka 30 ko 50, asusun mata ya fi ɗan kasuwa, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991 suka bazu ko'ina. Kuɗin naku ne, kun san juna, an san ranar biya.

Saura gori, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Za a yi magana, ba zan ɓoye miki ba. Ko kin kai na miliyan 2 da rabi za a sami wadda za ta shafa labule ta ce na ɗiyar wance ya fi kauri. Tun zamanin shugaba Seyni Kountché hukuma ta gwada taƙaita kashe-kashen aure da doka, malamai kuma ba su daina wa'azi a kai ba, bakin mata bai rufu ba. Abin da ke hannunki shi ne ki san inda ido yake sauka. Mai shiga ganin ɗakin amarya minti biyar take yi ta fito ta ba wata wuri. Labule take gani, da zanen gado, da shimfiɗar ƙasa, da tsarin jere, hancinta kuma ya ɗauki turaren wuta. Duk waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin kujeru ba. Falo mai fili, da kafet mai kyau da matasai an jingina a bango, ya fi wanda aka cushe har baƙi na gogar gwiwar juna kyan gani, ya kuma fi ɗaukar mutane. Ƙaramin kabad ɗaya da aka cika tsaf ya fi babba mai giɓi. Ki buɗe naki ma, za ki tarar da kwanoni da kuloli da suka shekara ba a taɓa ba, a wanke a haɗa.

Abin da ba ya cikin ɗaki kuma a faɗe shi da baki. Ranar kai kaya, wata babba daga ɓangarenku, mai murya, ta ce a gaban dangin ango: ga kayan ɗaki, ga gara, sannan amarya tana da tumakinta biyu a Tahoua, ga zinarinta a kunne. Tsofaffin da ke wurin sun san abin da hakan yake nufi, su za su rufe bakin yaran.

Gwaggo kada ki yi faɗa da ita. Ƴar ɗan'uwanta ce, tana da hakki a bikin, tsoron da take ji kuma na gaske ne. Ki taka har ɗakinta ki ce: "Gwaggon yara, ga abin da ke hannu, ga awon ɗakin, zo ki taya ni zaɓe." Ki bar mata zaɓen labule da zannuwan gado da jagorancin jere. In ta nace sai an sayi kujeru, ki ce madalla, a rubuta su cikin gudunmawar dangin uba. Yawanci daga nan lissafi yake sauka da kansa. In bai sauka ba, yayanta ya riga ya yanke magana da ya ce ki yi daidai ƙarfinki. Ki kai masa sabon lissafin a rubuce, shi ya gaya mata.

Ki dubi naki gidan kuma. Kin wuce lokacin da kike saye don ɗakinki, yanzu kusan duk abin da za ki saya na wani ne. Abin da kika yi wa ta fari shi ne ma'aunin da ƙannenta biyu za su riƙe, su da masu zuga su. In kika yi na miliyan 2 da rabi alhali akwai albashi a gida, da me za ki yi nasu a kan fansho? Gara ki kafa abin da za ki iya maimaitawa sau uku. Ga Oktoba na tafe da littattafai da kayan makarantar ƙananan. Ga tsohuwa, wadda buƙatunta ba sa shiga lissafin biki amma kullum ana sayensu: ledar shimfiɗawa a kan katifa, zannuwan canji, kujerar roba ta wanka, fo, fitila kusa da kanta da dare, maganin kowane wata. Ƙaramin farantin sola da fankar da za ta kwana tana juyawa a ɗakinta, a zafin Tahoua, a ganina ya fi tele ɗin amarya cancantar kuɗinki bana. Da ma ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji addini ya ɗora su, saurayin da ya zauna shi kaɗai a Yamai kuma da wuya a ce ba shi da tele.

Ɗanki na Abidjan a bar shi ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ki faɗa masa ranar biki, kada ki yanka masa adadi. Mun san yadda ƴan Adar ke samun kuɗin nan a can, da tura baro da gadi da talla a rana, mutum shida a ɗaki ɗaya. Shi ma yana tara na lefe da na ɗakin da zai sa mata. In kin kwashe yau, aurensa kika ɗage, hidimar kuma kanki za ta dawo.

Wadda ba ki ambaci ra'ayinta ba a wasiƙar ita ce mai ɗakin. Ki zaunar da ita ku biyu, ba a gaban ƙawaye ba. Tana ganin ɗakunan amare a TikTok da WhatsApp, ba mai nuna mata takardar bashin da ke bayansu, wasu kayan ma aro ne, bayan mako a zo a kwashe. Ki nuna mata kuɗin, ki nuna mata awon ɗakin, ki ce ta zaɓi abu ɗaya da ranta yake so ƙwarai, madubi ne ko saitin kuloli, a saya mata mai kyau ko da ya ɗan fita tsari. Amarya ce, tana da hakkin ta shiga ɗakinta ta ji daɗi. Sauran ki gaya mata dalili dalla-dalla. Yarinyar da ta san tana da tumaki da ajiyar haihuwa, in an yi mata gori tana da amsa a ranta ko ba ta furta ba.

Sai maganar inda za a saya. Tahoua zuwa Yamai tafiyar kilomita 550 ce ko kusa da haka, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso. Kuɗin mota da na masu lodi da abin da zai fashe ko ya goge a hanya duk suna cikin farashi. Manyan kaya, gado da katifa da kabad da robar ruwa, a saye su can. A Katako akwai maƙera da kafintoci da masu zuba tukwanen alminiyam, labule da kuloli kuma a duba Babbar Kasuwa da Wadata. A tura wadda ta san gari ta iya ciniki, makonni kafin jere, don mai sayen gaggawa shi ake yi wa tsada. Tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa masu zuwa ta teku suna zagayowa ta Lome da Burkina Faso, farashinsu ya hau, wannan ma wani dalili ne na fifita abin da maƙerin gida ya yi. Abin da Tahoua ta fi kyau da shi kuwa ki kai daga Tahoua: tabarmi, turmi, fayafayai, matasan fata, da kayan gara, man gyaɗanki, albasar Galmi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Buhun gero da na shinkafa a kusurwar ɗaki za su sauƙaƙa wa malamin makaranta watannin farko, lokacin da hidimar biki ta huje masa aljihu, fiye da kowace kujera.

Duk abin da aka shigar ɗakin, daga gado zuwa ludayi, a rubuta shi a takarda biyu, a haɗa da rasiɗan manyan kayan, mata biyu daga kowane ɓangare su shaida. Ɗaya wurinki, ɗaya a akwatinta. Tumakin a sa musu alama, a rubuta ranar saye da sunan mai kiwo, a kuma yi magana tun yanzu kan yadda za a raba abin da suka haifa tsakaninta da shi. Ɗan kasuwan nan ki aika masa da godiya cikin wannan makon, ki ce an fasa, kafin ya sauke kaya da sunanki.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba tsohuwa sauƙi.